Kwalayen da aka raba da sunan Baba

Jiya ina bakin titi ina jiran tasi, sai wata doguwar mota ta tsaya kusa da ni, ta goyo farar kwantena irin mai sanyi. Injin da ke goshin kwantenar yana gurnani ƙasa-ƙasa, yana feso iska mai zafi. Tasi biyu suka wuce ban tsayar da su ba. Na san wannan gurnanin tun kafin in san karatu, kuma har yau in na ji shi sai bakina ya yi ɗaci.

A unguwar Mahjar ta Jidda aka haife ni, a wani gida mai ɗakuna zagaye da tsakar gida ɗaya, ba nisa da mina, wato tashar jiragen ruwa. In ka taɓa yin bazara a Jidda ka san yadda take. Iskar teku tana zuwa da danshi, riga ta manne a baya tun da hantsi, bango ma sai ya yi gumi. Mu yara ba mu da abin sha'awa irin ƙanƙara. Ko ɓallin da ya faɗo daga kwali muka samu, sai mu yi ta zagaya shi a wuya har ya narke.

Baba ne babba a gidan. Umra ya zo ya zauna, yana dako a kasuwannin Balad, ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Shi ya aika aka kawo ƙanensa, Baffanmu. Da wani kafili, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo ya samu takarda, ya ce yana da gurbin mutum ɗaya a mina, Baba ya tura Baffa, ya ce ƙanen yaro ne, ya fi buƙatar takarda. Haka aka wayi gari ƙane yana tafiya a tsakiyar titi, wa kuma yana bin lungu in ya hango motar jami'ai.

Aikin Baffa shi ne kula da kwantenoni masu sanyi. Da an sauke su daga jirgi sai a jona musu wuta a fili, shi kuma ya riƙa zagayawa yana duba ko kowane inji yana aiki. Baffa akwai baki. In ya zauna cin abinci sai ya ce kajin nan sun fi mu yawon duniya, daga Brazil suke, sun yi makonni a teku sanyi bai taɓa yanke musu ba. Ya ce in wuta ta ɗauke wa kwantena a ranar Jidda, shi ke nan, kaya sun tashi aiki. Ina son Baffa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Shi ke ɗaga ni sama in hango bututun jirage ta saman katanga.

Akwai wata al'ada a mina. In kwali ya fashe wajen sauke kaya, akan bar wa ma'aikata. Mu kuma a gidanmu akwai tamu al'adar da iyayenmu suka taho da ita. Ƙane ba ya kyauta da sunansa alhali wansa yana raye a gidan. Duk abin da ya shigo, gaban Baba ake ajiye shi, shi zai kasa, shi zai ce a kai wa wane da wane. Mu da ake aika, abin da aka koya mana ke nan: mu yi sallama, mu ce in ji Baba.

Wata rana bayan la'asar, lokacin alhazai sun cika gari, Baffa ya shigo da kwalayen kaji a bayan wata ƙaramar mota. Ba mu taɓa ganin masu yawa haka ba, kuma babu wanda ya fashe. Baba ya dube su, ya dubi ƙanensa.

"Waɗannan fa daga ina?"

"Kafili ne ya ce mu ɗauka, Yaya. Sun yi yawa a sito."

Umma ta buɗe ɗaya, ta ga jini ya taru ya daskare a kusurwar leda. Ta ce ita ba ta saba ganin haka ba. Baffa ya yi dariya, ya ce haka na wannan kamfanin suke, maza a raba kafin su narke. Baba bai ƙara tambaya ba. Ya yi bisimilla ya kasa, ni da yayyena muka bi layi gida-gida. A ranar na ce in ji Baba har muryata ta dushe, ina ta jin daɗin addu'ar da ake yi masa.

Kashegari ciwon ciki ya kama layinmu. Mu ma mun kwanta, amma namu da sauƙi. Ɗan maƙwabcinmu, wani Bayamane mai shago, sai da aka kwantar da shi a asibiti. Allah Ya tashi kafaɗarsa, amma daga asibitin magana ta kai ga hukuma. Daga baya ne Umma ta ji yadda aka yi daga bakin matan ma'aikatan mina. Baffa ya bar filin ya tafi ɗaukar kayan alhazai, wata kwantena ta wuni ba wuta. Da ya dawo ya jona ta, kayan suka sake daskarewa. Kamfani ya gane, ya ce a kai juji. A hanyar jujin Baffa ya sauke na saukewa, ya sayar da wasu, sauran da suka tsaya masa ya kawo gida don kada a same su a hannunsa.

Da hantsi jami'an suka zo. Sun riga sun bi layin, kuma duk ƙofar da suka buga amsa ɗaya suka samu, mai gidan can ne ya aiko. Ba wanda ya yi ƙarya, abin da muka faɗa musu suka maimaita. Aka fito da Baba tsakar gida, aka tambaye shi inda ya samo kayan. Baffa yana tsaye a gindin tankin ruwa, iƙamarsa tana aljihu. Baba ya juya ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ina ganin jira yake ƙanensa ya buɗe baki da kansa, don Baba ba mutumin da zai nuna ɗan'uwansa da yatsa a gaban baƙi ba ne. Baffa ya sunkuya yana gyara takalmi. Sai aka ce wa Baba ya kawo iƙama, magana ta ƙare a nan.

Aka mayar da shi Najeriya, ƙauyen da ya bari tun yana saurayi. Umma ta riƙe mu da wankau da sayar da ƙosai ga 'yan'uwanmu baƙi. Baffa ya ci gaba da aikinsa, ya ci gaba da cin tuwon gidan. Sau ɗaya na ji Umma ta tare shi, ta ce, "Ko kalma ɗaya, ƙanen miji?" Ya ce da ya yi magana da su biyun za a kwashe, wa zai riƙe gida. Gidan kuwa bai riƙe ba. Shekara ba ta zagayo ba ya koma unguwar Ruwais da iyalinsa.

Yanzu zamani ya canja. Mijina direban motocin da ke ɗaukar irin waɗannan kwantenoni ne, ya ce kwantenar yau da kanta take aika saƙo ofis in sanyinta ya ragu, kowa ya san a hannun wa take. Yarana ma in na aike su da abinci, cewa suke daga Mama, ba su san wani in ji wane ba, ni kuma ban koya musu ba.

Baba ya rasu bara a ƙauye, ban sake ganinsa ba sai a waya. A nan Jidda aka yi zaman makoki, kuma tun da Baffa ne babba yanzu, a gidansa aka shimfiɗa tabarmi. Tsofaffin maƙwabtanmu suka zo, har da Bayamanen nan, suna riƙe hannunsa suna ba shi haƙurin rashin ɗan'uwa. Yana amsawa, yana share ido. Ni ce a madafa ina dafa musu shayi.