Ram ɗin Malam Gimba

Jama'a, wannan ba labarin majalisa ba ne, ni abin ya faru da ni, da rana tsaka, kuma wallahi ko Alƙur'ani aka ɗora min haka zan faɗe shi. Shekarun baya ne, lokacin ina gyaran kwamfuta a Potiskum, ina zaune a Dogo Nini, duk wanda na'urarsa ta yi gardama ni ake nema, ni kuwa a lokacin ji nake babu kwamfutar da uwarta ta haifa da za ta gagare ni.

Akwai wani mai ɗaukar hoto da bidiyo a Yerimaram, Malam Gimba, mutum mai haƙuri, wanda rabin bikin aure da suna da saukar karatu na unguwar shi ya ɗauka, kuma duk yana tara su a cikin wata babbar kwamfuta da muke ce wa saba, a ƙuryar shagonsa. To faifan ajiyar sabar ya tsufa, ya fara wani ƙas-ƙas kamar kaza na tsattsagar tire, wanda duk mai gyara ya san alamar mutuwa ce. Ya sayo sabon faifai, ya ce in zo in kwashe komai in mayar can kafin tsohon ya mutu.

Da na je na tarar da wata dattijuwa zaune a benci, Iya Falmata. Ɗanta direban tirelar shanu ne, ya rasu a hanyar kudu, kuma ba ta da wani abu da za ta ƙara ganin motsinsa da dariyarsa sai bidiyon aurensa da ke cikin wannan faifan. Na ce mata, "Iya, kafin la'asar za ki ga ɗanki." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ga wanda bai sani ba, kaya ba tsalle suke yi daga faifai zuwa faifai ba, sai sun bi ta ram, wani ɗan siririn katako mai kamar mataji. Ɗan dako ne kawai, ya ɗauka nan ya sauke can, kuma da an ɗauke wuta ya manta duk abin da ya ɗauka. Wannan ko ɗan koyo ya sani.

Na sa kwafi, abu yana tafiya lafiya, muna ta hira, sai kawai ya tsaya cak, jan rubutu ya fito, wai abin da ya sauka bai yi daidai da abin da ya taso ba. Ban damu ba, don idan faifai na ciwo dama kaya kan iso da giɓi. Amma da na duba, ashe ba ragi aka samu ba, ƙari ne. Wani fayil ne ya sauka a sabon faifan, ba suna, na koma tsohon na bincike shi kaf, babu shi babu dalilinsa.

Na goge shi na sake sawa, ya sake tsayawa, fayil ɗin ya dawo. Na canza waya, na duba inbatar da ke ba shagon lantarki ko wuta ce ke rawa, na nemi cutar kwamfuta ban samu ba, sabar kuma ba ta haɗe da intanet balle in ce wani ne ya turo. Na gwada ram ɗin kansa, gwaji ya ce lafiyarsa ƙalau. Ga tsohon faifai ƙas-ƙas ɗinsa sai ƙaruwa yake, kowane sake farawa rage masa kwana nake, ga bidiyon ɗan Iya yana can gaba da inda abin ke tsayawa.

Haushi ya sa na buɗe fayil ɗin. Bidiyo ne, kasuwar shanu ce, amma ba hayaniya, ba kukan sa ko ɗaya. Wani dogon mutum ne tsaye ƙarƙashin wata ƙatuwar tsamiya, ya ba mu baya, sanda a kan kafaɗunsa, shanun wurin duk sun juyo suna kallonsa, ko jela ba mai kaɗawa. Malam Gimba ya leƙo ya ce, "Injiniya, ni ban ɗauki wannan ba." Na ce ƙila ya manta. Ya ce, "Aikina ne, na san hannuna."

Na goge, na sake. Da ya dawo na buɗe, sai na ga mutumin ya ɗan juyo, ana ganin gefen gemunsa. Na sake, ya ƙara juyowa. Kai jama'a! Na ja kujerata baya daga allon.

Iya Falmata ta taso ta tsaya a kaina, ta ƙura ido, sai ta dafe ƙirji. Ta ce tana yarinya ta yi tallan fura a kasuwar nan, wannan tsamiyar a ƙarƙashinta suke zama, kuma an sare ta tun kafin a yi mata aure, lokacin ko talabijin ba ta taɓa gani ba balle mai ɗaukar bidiyo. Na ce, "Iya, kin san mutumin?" Ta ce, "Ban ce ba. Kashe, ɗana." Ta ja mayafinta ta koma bakin ƙofa tana ta salati, amma ba ta tafi gida ba.

Malam Gimba ya ce, "Injiniya, a haƙura. Abin da ya fi ƙarfin mutum a bar wa Allah." Na ce, "Oga, in na haƙura, matar nan fa? In ce mata me?"

Na yi abin da zai raba gardama. Na kashe sabar, na zare faifan duka biyun na ajiye a kan tebur, ba abin da ya rage a ciki da zai iya riƙe hoto, na bar ta ta huce, sannan na kunna. Abin da ya kamata in gani shi ne ƙorafin cewa babu faifai. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, mutumin ne ya fito. Fuskarsa ta cika allon, idanunsa a kaina, ya ɗago tafin hannu kamar mai tsayar da mota.

Malam Gimba ya yi waje ko takalmi bai tsaya nema ba. Ni kuwa zuciya ta riga ta hau. Na ce, "A'uzu billahi. Malam, ko kai waye, ban san ka ba, ban ci maka komai ba. Kayan nan amanar mutane ce, kuma wallahi sai sun wuce. Hanya ce ka tare, ni kuma zan canza hanya." Na fizge wayar wuta, na zare ram ɗin.

Na hau keke na koma Dogo Nini na ciro ram daga kwamfutata, na dawo na sa, na mayar da faifan, na yi bisimilla. Kaya suka wuce sumul, ba jan rubutu, ba baƙon fayil. La'asar ta ɗan gota, amma Iya Falmata ta ga ɗanta cikin farar shadda, abokai na tsokanarsa yana rufe baki, tana kuka tana dariya tana shafa allon da hannu.

Wancan ram ɗin kuwa na fita da shi ƙofar shago, na ɗora a kan dutse, na sa guduma na mai da shi gari. Sai a lokacin na tambayi Malam Gimba inda ya samo shi. Ya ce wani mai tsofaffin kayan kwamfuta ne ya biyo da su wata ranar kasuwa, bai taɓa ganinsa ba, bai kuma ƙara ganinsa ba. Na ce, "Su? Guda nawa ne?" Ya ce biyu ya saya, ɗayan ya ba wani da ya zo neman na gyara, kuma ya rasa tuna ko waye.

Har yau ban san me na gani ba, na tambayi waɗanda suka fi ni sanin aikin, wasu su yi dariya, wasu su ce in bar zancen. Ni dai shawarata, ku masu sayen kayan gwanjo kuna cusawa a na'urorinku, ku riƙa tambayar asali, ku yi bisimilla kafin ku kunna. In kuma kana Potiskum, kana kwafi ya tsaya, ka ga fayil ɗin da ba kai ka ajiye ba, kada ka ji tsoro, amma don Allah kada ka buɗe.