Dokas Malachi: Muryar da Na Ce a Cire

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 1978, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata kuma aminiyata Dokas, matar Malam Malachi, wadda ke buga tafireta a ofishin ƙaramar hukuma a nan Keffi. Shekarunta ashirin da bakwai. Ranar Lahadi ta dawo daga coci tana cewa kanta na sara, ranar Litinin wuyanta ya ƙage aka kai ta asibiti, ranar Talata aka ce mana ta cika. Likita ya ce sanƙarau ne. An binne ta a Garaku, garin iyayenta. Yau kwana goma sha biyu ke nan, kuma har yanzu in na ji motsin ƙyauren gidansu sai in ɗaga kai.

Dokas, kin san ni da karatun ƙananan littattafan labari, kin sha yi mini dariya a kai. A cikinsu ba a ɗauke mutum haka. Sai ya yi shafi goma yana jinya, ya tara dangi, ya bar wasiyya, mai karatu ya shirya zuciyarsa. Ke kuwa ranar Asabar muna zaune muna gyaran alayyafo, kina ba ni labarin wani faifai da ke kan hanya daga Jamus. Ya iso shekaranjiya. Yana kan tebur, ba wanda ya iya yage takardarsa.

Kwana uku bayan jana'iza Malam Malachi ya yi sallama a ƙofar gidanmu, ya roƙi maigidana Abdulsalami ya kira ni. Ya ce, "Amarya, ke kika fi kowa kusa da ita. Ki taimaka mini da kaset ɗinki in ajiye wa 'yarmu Angela. Shekararta biyu. Kafin baɗi ta manta yadda muryar uwarta take." Na tsaya riƙe da ƙyaure. Babu muryarki a kaset ɗina, Dokas, kuma ni ce na ce ki cire ta. Domin waɗanda ba su san ki ba, bari in faɗi yadda aka yi.

Wani Bature malamin makaranta ne ya fara jawo miki wannan kiɗa. Da zai koma ƙasarsu ya bar miki faifan garmaho bakwai, godiyar takardun da kika riƙa buga masa. Wata sai ta jingine su a bango saboda kyan hotunansu. Ke kika zauna kika saurare su har kika gane iri biyu ne. Akwai wanda Turawa ke kira furogiresib rok, kika raɗa masa "mai dogon zango", domin waƙa ɗaya kan cinye fuskar faifai gaba ɗaya, ta fara da sarewa a hankali, ta sauya tafiya sau biyar ko shida kafin ta sauka. Akwai kuma hebi metal, wanda kika sa wa suna "na maƙera", saboda jita da ganguna suna dukan kunne kamar guduma a kan uwar maƙera.

Yadda kike gano sababbin makaɗa shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Ƙananan rubutun da ke bayan kwalin faifai, wanda ba mai kula da shi, shi kike bi da yatsa. In mai kaɗa ogan irin na coci ya burge ki, sai ki rubuta sunansa, ki aika wa abokan wasiƙarki na Ingila da Jamus tambaya: wannan mutum da wa ya yi kiɗa kafin nan, ina ya koma bayan nan? Ki haɗa musu da saƙi ko faifan kiɗan gida, su kuma su aiko miki da amsa, wani lokaci har da faifan. Wata uku ake yi kafin wasiƙa ta je ta dawo, ba ki taɓa gajiya ba. Kin ce makaɗa kamar dangi suke, in ka kama ɗaya sai ya kai ka gidan kawunsa. Sunayen ƙungiyoyin ba sa zama a bakina, shi ya sa muke kiransu da hoton kwalinsu: Masu Tsani, Masu Baƙin Rago, 'Yan Jamus Huɗu.

Shekara uku da suka wuce aka kawo ni amarya unguwar Liman Abaji, katanga ɗaya ta raba ɗakina da naki. Ranar da na fara jin na maƙera ta bayan katangar, na ɗauka injin niƙa ne ya lalace. Na leƙa, na same ki kina guga kina kaɗa kai. Ba ki tambaye ni wane kiɗa nake so ba. Littafin da ke hannuna kika duba.

Kika ce, "Amarya, me ake ciki a nan?"

Na ce wani masunci ne ya bi kogi yana neman ƙaninsa.

"Ya same shi?"

"Ban kai wurin ba tukuna."

"To zauna. Ga Masu Tsani, su ma ba sa saurin kai mutum wurin. Kada ki nemi inda za ki taka rawa, babu. Ki saurara yadda kike karatu."

Minti ashirin da biyu waƙar ta yi. Ban ji kalma ɗaya ta Turancinsu ba, amma na ga kogin, na ga kwalekwale, na ga inda ruwa ya rabu biyu. Da allura ta ɗaga na ce miki ƙanin ya mutu tun da daɗewa, masuncin ne bai sani ba. Kika yi dariya har kika kusa ƙona rigar Malam Malachi, kika ce waƙar a kan wani mai gadin fitilar jiragen ruwa take, amma nawa labarin ya fi. Shinkafata ta kama a tukunya ran nan.

Haka kike da kowa. Sai kin kalli mutum kafin ki zaɓa masa. Sale makanike, da ke gyara babur a bakin tasha, kin ba shi Masu Baƙin Rago, kika ce mai wuni cikin ƙarar ƙarfe ba zai ji sarewa ba. Christy, ma'aikaciyar jinya, kowa ya zaci mai sanyi za ki ba ta, sai kika ba ta mafi zafin abin da kike da shi, kika ce mai haɗiye fushi tun safe tana bukatar wanda zai yi ihu a madadinta. Lokacin da na yi ɓari na kwanta sati biyu ba na son ganin kowa, ba ki zo mini da dogon ban haƙuri ba. Kullum in kin taso daga ofis sai ki kawo kunu, ki ɗora 'Yan Jamus Huɗu a hankali ta bayan katanga, ki bar tagarki a buɗe.

Da aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, mata suka sayi atamfa da kwanuka, ke kika sayi rakoda. Daga nan aikinki ya bunƙasa. Kowane mai sauraronki yana da kaset ɗaya tak mai sunansa. Ranar Juma'a ya kawo, ki goge na makon jiya, ki ɗora masa sabo a kai, ya karɓa ranar Litinin. Kafin kowace waƙa sai ki yi magana da Hausa, ki kira sunan mai kaset ɗin, ki gaya masa su wane ne waɗannan, daga ina suke, me zai saurara. A nawa sai in ji, "Hansai, nan minti bakwai ba wanda zai buɗe baki, kada ki ce kaset ya lalace." "Hansai, ki bi mai ganga, shi ne mai gidan, sauran baƙi ne." Shekara kusan uku muna haka, kowane mako sabuwar murya tana shafe tsohuwa, kuma ba wanda ya taɓa tunanin a ajiye ko ɗaya. Wa ke ajiye muryar wadda zai gani gobe da safe?

A watan Fabrairu na ce miki, "Yaya Dokas, ki daina yi mini magana a nawa. Ina cikin ƙulla labarina sai ki shigo ki ce mini ai mutumin Jamus ne mai gemu, duk ki warware mini." Wasa ne rabi, rabi gaskiya. Kika dube ni kika ce, "Iye, amarya ta girma, ta kori malaminta." Ba ki yi fushi ba. Tun daga ranar kaset ɗina kiɗa ne zalla.

Bayan tafiyar Malam Malachi na ɗauko shi na saurara daga farko har ƙarshe, gaba da baya, na ƙure ƙarar rakoda, ko Allah zai sa ki yi tari ko ki kira Angela a bayan kiɗan. Babu. Kin cika alkawari da tsabtar aikinki ta ofis, ko numfashinki bai shiga ba.

Washegari na faɗa wa Abdulsalami gaskiya. Shi da bai taɓa son kiɗan nan ba, yana ce masa hayaniyar Turawa, sai ya tayar da babur ya ce in hau. A littafinki na rubutu mun sami sunayen mutum goma sha ɗaya masu kaset, har da ni. Na Malam Malachi ba ya ciki, domin shi yana da mai maganar a gida. Muka fara da Christy. Ta fashe da kuka, ta ce rakodarta ta tauna zaren tun mako biyu da suka wuce, ta jefar, tana jin kunyar gaya miki. Mutum huɗu sun riga sun kawo nasu ranar Juma'ar ƙarshe, kin goge su ranar Asabar kina shirin ɗora sabo, ciwo ya riga ki. Mun same su jere a kan tebur, kowanne da sunan mai shi, ba komai a ciki sai shuu. Wani malami a Gitata, da muka je har can, ya ce ƙanensa ya tafi da nasa Jos ya ɗauki wasan ƙwallo a kai.

Sale muka bari ƙarshe, domin an riga an gaya mana ya ɗauki kiɗan bikin yayarsa a kan nasa. Da ya gan mu ya ajiye sifana, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Wallahi Hajiya, ran Asabar ɗin nan ne, kafin ta kwanta. Da na san haka, da bikin ya tafi ba kiɗa." Na ce ya ba ni duk da haka. Muka zauna a kan benci a bakin tasha muna jin kalangu da guɗa, fuska ta farko har ta ƙare. Muka juya. Kalangu ya ci gaba, ya ci gaba, sai can dab da ƙarshe batir ya mutu wa mai ɗaukar biki, aka ji ƙas. Wutsiyar wata jita ta fito ta ɓace. Sai ga ki.

"To Sale, na wannan mako ke nan. In ka ce na biyun bai yi ba, kunnenka ne ke son wanki. Ka dawo mini da shi ran Juma'a. Kuma don Allah ka wanke hannu kafin ka taɓa, wancan karon duk baƙin mai ne, har a rigata."

Iyakarta ke nan. Abdulsalami ya duba agogo, daƙiƙa goma sha tara. Sale ya tashi ya shiga bayan rumfa, ya daɗe bai fito ba.

Mun kai wa Malam Malachi da la'asar. Ya saurara sau uku, bai yi kuka ba. Ya ce, "Haka take yi mini faɗa." Sa'an nan ya ɓalle 'yan haƙoran nan na bayan kaset da ke hana a sake ɗauka a kai, ya naɗe shi a gyalenki, ya sa a akwati. Ya ce ba zai kunna wa Angela yanzu ba, sai ta yi wayon da za ta riƙe.

Daƙiƙa goma sha tara, Dokas, daga macen da ta yi shekara uku tana yi mana magana kowane mako. Da ban buɗe bakina a watan Fabrairu ba, da 'yarki ta gaji kaset guda cike da uwarta tana dariya, tana koyarwa, tana kiran suna. Na kasa daina lissafa wannan.

Saura mutum uku a littafin da ban same su ba, an yi musu canjin wurin aiki: Mahmudu na ofishin gona, Filomina mai ɗinki, da wani Monday da aka ce yana wajen Lafiya. In wannan rubutu ya iso gare ku, ko ga wanda ya san ku, ina roƙonku da girman Allah kada ku danna jan maɓalli a kan kaset ɗin nan. Ku aiko da shi gidan Malam Malachi a Liman Abaji, ni zan saya muku sabo.

Ni Musulma ce, ke Kirista, kuma ba mu taɓa jin katangar nan ta fi ta ƙasa da ke tsakanin ɗakunanmu tsawo ba. Ina miƙa ki ga Mai rahama, wanda ya san ki fiye da yadda muka san ki. Allah ya dubi kunun da kika kai wa marar lafiya da tagar da kika bari a buɗe, ya sa kin huta. Allah ya ba Malam Malachi haƙuri da ƙarfin riƙon marainiya. Allah ya sanyaya zuciyar mahaifiyarki Mama Lea da dukan dangi na Garaku, da abokan aikinki, da mu da kika koya wa sauraro. Allah ya raya Angela, ya sa ta girma ta ji uwarta fiye da abin da muka iya tsamo mata.

Ni kuma, Yaya Dokas, ki yafe mini. Ban san maganar ƙarshe nake katsewa ba.

Hansai Abdulsalami
Liman Abaji, Keffi