Ɗakin otal da buhun geron Baba

Jama'a, ku ji abin da otal ya yi mana yau a Kano!

Na kawo Baba ganin likitan ido. Tun sati biyu da suka wuce ya sayar da buhun gero a Minjibir, muka biya ɗaki, ga rasit. Muna zuwa manaja ya ce sai mun yi ciko, wai man janareta ya tashi!

Baba ya gyara hula. "Madalla. Geron da na sayar ma ya tashi. To wa zai cika wa wani?"

Can manaja ya miƙo makulli. "Amma ba za mu kunna muku wuta ba, Baba."

Baba ya karɓa. "Yaro, ido na kawo a duba. Ko da wutar, me nake gani?"