Ina sauran kifin Kawu?

Jiya a Tasawa na leƙa kwamin da Kawu ke kiwon tarwaɗa, na ga sun ragu sosai.

Na ce, "Kawu, ina sauran?"

Ya ce, "Suna cikin yayyensu, ɗiyata. Tun juyin mulki da aka rufe iyaka, abincinsu bai ƙara zuwa daga Katsina ba. Manyan ke haɗiye ƙananan."

Ni 'yar jami'a sai na kawo shawara: a cika kwami na biyu, a raba su.

Ya nuna mini gugan da ya fito daga rijiya da laka. "Da wane ruwa?"

Geronsa ya ƙone a gona bana, kifin nan ne hatsin gidan. Ya karyar da su a kasuwa yanzu, ko ya jira? Ku me za ku ce masa?