Benen Da Na Cire Wa Ginshiƙi

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Ni mutumin Bungudu ne, karatuna ya tsaya a aji shida na firamare. Daga nan mahaifina ya damƙa ni a hannun ƙanen mahaifiyata, Kawu Ɗanjuma, wanda birkila ne. Na fara da kwaɓa siminti da miƙa bulo. Kafin na yi aure na iya jera bulo, na iya filasta, na iya ɗaura rodi. Kuma tun ina yaro ni mutum ne mai yawan wasiwasi. Idan na jera layi ɗaya sai na ɗora ma'auni sau uku. Kawu yakan ce, "Kai wanga, bango ba ya gudu, sauko ka sha ruwa." Na faɗi haka ne don ku san wanda ya aikata abin da zan ba ku labari mutum ne mai tsoron kuskure, kuma tsoron bai hana shi ba.

Wata shekara muka samu aikin gidan bene a Kwatarkwashi, a kan ƙasa mai dutse. Wani injiniya na gaskiya daga Gusau, Injiniya Kabiru, shi ya zana gidan, shi ke duba aikin. Ya ga ina da kula, sai ya ɗora ni a kan ma'aikata, ya ba ni hular kwano da kwafin zanen ginin in riƙe. Shi yakan zo sau biyu a mako. Sauran ranakun ni ne mai hula da takarda a hannu, sai masu kawo yashi suka fara kirana Injiniya. Ranar farko na ce musu ni birkila ne. Ta biyu na yi murmushi. Ta uku na amsa.

Da aka gama aikin, zanen ya rage a hannuna. Takardu huɗu ne manya, a gefen kowace akwai hatimin Injiniya Kabiru da lambarsa da sa hannunsa. Na san ya kamata in mayar masa. Na naɗe su a leda na ajiye, ina cewa sai na shiga Gusau.

Bayan watanni wani tsohon ma'aikacin gwamnati a Gusau ya aiko a kira ni. Ya ce, "Injiniya, an ce kai ka yi benen Kwatarkwashi. Irinsa nake so." Ban ce ni na zana ba, ban kuma ce ba ni ba ne. Na je wurin masu fotokofi, na rufe sunan mai gidan farko da farar takarda, na bar hatimin. Aka kai takardun inda ake neman izinin gini. Wanda ya karɓa ya duba hatimi, ya ga na gaske ne, ya sa hannu. Ba wanda ya tambayi inda mai hatimin yake, ba wanda ya zo ya ga filin.

Da wannan zane ɗaya na gina benaye uku a Gusau, kamar 'yan uku. Abin da ke takarda shi nake bi, ban ƙara ba, ban rage ba, domin ban san dalilin ko ɗaya daga cikin lambobin ba. Na san an rubuta rodi kaza a nan. Me ya sa kaza, ban sani ba.

Na nemi Kawu ya zo ya yi aiki tare da ni, ya ƙi. Ya dube ni da hulata ya ce, "Injiniya! Ashe jami'a kusa take, a tafi da hantsi a dawo da la'asar?" Mutanen da ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi. Da suka watse ya ce, "Ɗana, ni bene bai cikin sanina, kuma bai cikin naka. Aje takardar mutane." Na ce to, Kawu, wannan ne na ƙarshe. Sau uku ina faɗa masa haka.

Ku fahimci yadda sunan ya kama ni. A gidan biki ana kiran matata matar Injiniya. Surukina ya daina kirana da sunan yanka. A masallaci sai mutum ya riƙe hannuna ya ce in zo in duba masa katanga. Kowace rana akwai wani sabon mutum da zan ji kunyarsa idan na faɗi gaskiya. Ba na jin daɗin abinci, ruwan sama ya kankama sai in kwana ina tunanin benayen nan, amma da gari ya waye sai in sa hula in fita.

Sai aikin Tsafe ya zo. Alhaji Mamman ɗan kasuwar hatsi ne, yana son shago a ƙasa, ma'ajiyar buhuna a sama. Filinsa yana bakin wani kwari inda ruwa ke kwanciya da damina, ƙasar baƙa ce mai laushi. Zanena kuwa na gidan kwana ne a kan dutse, inda nauyin sama bai wuce mutane da gadaje da tabarmi ba. Da muka haƙa tushe ruwa ya riƙa tsattsafowa. Na ga haka da idona, zuciyata ta ce wannan ba daidai ba ne. Amma takarda ta ce zurfi kaza, ban san wani zurfin ba, sai na bi takarda.

Ranar da muka tsayar da rodin ginshiƙai, Alhaji ya zo da abokansa uku. Ya tsaya a tsakiyar filin ya buga rodin ginshiƙin tsakiya da sandarsa.

"Injiniya, wanga mi ne a tsakar shago? Ta ina a-kori-kura za ta shigo ta juya?"

Na ce, "Alhaji, shi ke ɗauke da dekin, wato rufin kankaren da za a taka a sama."

Ya ce, "To dabara ta ƙare ke nan? Ni na ga shaguna a Kano fili fetal, ba ko sanda. In ba ka iyawa faɗa mini, in kira na Gusau."

Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Haba Alhaji, injiniya guda? Wannan ai shan ruwa ne a wurinsa."

Duk suka zuba mini ido. Na ji bakina yana cewa, "Ba matsala, Alhaji." Muka yanke rodin. Na ƙara wasu 'yan roduna a gadar kankaren da ta ratsa tsakiya, da ka kawai, ina addu'a. Aka zuba dekin, aka gama, aka yi fenti, aka yi walima.

Da kaka ta yi, Alhaji ya cika sama da buhunan masara har kusa da rufi. Ni kuwa duk ranar kasuwar Tsafe sai in hau babur in je, wai gaisuwa. Ina gaisawa, idona yana sama. Tsaga ta bayyana a ƙarƙashin gadar, daidai inda ginshiƙin nan ya kamata ya tsaya. Da farko kamar gashi. Bayan mako biyu tsinken tsintsiya ya shiga. Na zo da siminti na shafe, na ce gyaran fenti nake yi. Ta sake buɗewa, na sake shafewa. Zuwa tsakiyar rani makullin babur ɗina yana shiga ciki.

Shugaban 'yan dakon shagon wani dattijo ne, Malam Isuhu, mai fara'a, ɗan shekara hamsin da wani abu. A ƙarƙashin gadar nan yake shimfiɗa buhu ya sha furarsa, don nan ne ya fi sanyi. Wata rana ya ɗaga mini ƙwarya ya ce, "Injiniya, benenka yana zubo mana gari cikin fura. In suga ne ka ƙara, in siminti ne ka biya mu fura." 'Yan dako suka kwashe da dariya. Na ce, "Bushewar siminti ce, Malam Isuhu, haka yake yi." Ya ce, "To ai kai ka sani, mu namu ɗauka ne."

Sau biyu na yi niyyar faɗin gaskiya. Na farko na je har ƙofar ofishin Injiniya Kabiru a Gusau. Na zauna a kan babur ina kallon ƙofar. Idan na shiga dole in nuna masa takarda, a jikin takardar kuma ga hatiminsa. Na tayar da babur na koma gida. Na biyu na tafi wurin Alhaji da kalmomin a bakina, na haddace su tun daga Bungudu. Na same shi da baƙi. Yana ganina ya ce, "Yauwa, ga shi nan! Injiniyan da ya yi mini shago ba ginshiƙi. Duk ƙasar ga babu kamarsa." Wani baƙo ya ciro waya yana neman lambata. Da ƙyar na ce, "Alhaji, da za a rage kaya a sama kaɗan." Ya ce, "Don mi? Akwai wata matsala?" Na ce a'a.

Kwana tara bayan haka, ranar kasuwa, bayan azahar, ina Bungudu aka kira ni a waya. Dekin ya rufto. Mutum biyu sun karye. Malam Isuhu ne a ƙarƙashin gadar, sai da aka kwashe masara da kankare kafin a fito da gawarsa.

Ban gudu ba, ba kuma don jarumta ba. Zauren Kawu na shige na lafe. Amma ba ni aka fara kamawa ba. Hatimin da ke takarda aka bi, aka kama Injiniya Kabiru, mutumin da bai taɓa taka filin ba. Kwana biyu yana tsare ina zaune a zauren Kawu. A rana ta uku Kawu ya sa takalminsa ya ce, "Tashi, in raka ka." Muka je wurin 'yan sanda na faɗi komai.

A kotu lauya ya tambaye ni, "Buhu nawa wannan dekin zai iya ɗauka?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Wa ya ba ka izinin aikin injiniya?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Wa ya taɓa hana ka?" Na yi tunani na ce, ban da kawuna, ba kowa. Da ake fita da ni Injiniya Kabiru ya matso ya ce, "Da ka shigo ka tambaye ni, kafin shayi ya huce na gaya maka a sauke kayan nan."

An yanke mini shekaru a gidan yari. Ba zan cika ku da labarin abinci da cunkoso ba, wasu sun faɗa. Ni abin da ya fi damuna, ina kwance ina bin silin da ido ina neman tsaga, ina tuna cewa akwai wasu benaye uku a waje da mutane a cikinsu, ni kuma a kulle. Na gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni. Suka ce hankalina ya taɓu.

Da na fito na fara zuwa Tsafe neman gafarar iyalin Malam Isuhu. Yayansa ya ce sun bar wa Allah. Matarsa daga bayan labule ta ce, "Ya taɓa gaya mini benen yana zubar da gari. Na ce ya bar zama wurin. Ya ce injiniya ya ce ba komai." Har yau ina roƙon Allah ya yafe mini, ina kuma tsoron ranar da zan haɗu da bawan Allahn nan.

Sai na bi benayen Gusau ɗaya bayan ɗaya. Masu gida biyu sun saurare ni, sun kira injiniya mai rajista ya duba, ya ƙarfafa inda ya kamata. Na ukun mai shi ya rasu, ɗansa ya ɗora wani hawa a sama ya zuba 'yan haya. Na yi masa bayani, ya ce, "Malam, lokacin da kake injiniya babana ya yarda da kai. Yanzu da bakinka ka ce kai ba kowa ba ne. Don mi zan ji maganarka?" Ya rufe ƙofa. Na je ofisoshi, ana cewa in rubuto. Na sa an rubuta mini, na kai. Ba wanda ya je.

Matasa, musamman ku masu aikin hannu, birkila da kafinta da mai walda da mai haɗa wuta: sana'arku ba abin kunya ba ce. Idan aka kira ku da sunan da ba naku ba, ku gyara a ranar farko, don a rana ta ɗari ba za ku iya ba. Takardar da ke ɗauke da hatimin wani, ku mayar masa. Abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ko a gaban wa. Ku kuma masu sa gini, ku nemi ganin mai hatimin da idonku.

Ga masu yin doka kuwa, an ce akwai hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Ni a benaye huɗu ban taɓa ganin wani ya zo ya tambaye ni takardata ba. A yi doka mai ƙarfi, a kuma bi ta: kada a zuba dekin sai mai hatimi ya tsaya a wurin da ƙafarsa, wani kuma ya zo ya tabbatar shi ne. A hukunta irina tun gini yana tsaye. Da an kama ni a benen farko, da na sha kunya na kwana kaɗan, Malam Isuhu kuma yana nan da ransa.

Yanzu bulo nake bugawa a Bungudu. Duk Juma'a nakan shiga Gusau in tsaya tsallaken titi in dubi benen nan na uku. Mata suna shanya a hawa na sama, yara suna guje-guje a matakala. Damina ta kusa. Idan a cikin masu karanta wannan akwai mai ikon shiga ya duba, ya zo Bungudu ya tambayi mai bulon da ya yi zaman gidan yari. Kowa ya san ni. Zan kai shi har ƙofa.