Takobin da Taubashina Ya Musanya da Gatari

Jiya na je a buga mini takarda a bakin kasuwa. Da ta fito daga inji da ɗuminta, ƙaurin tawada ya bugi hancina, sai na tsinci kaina a shagon da ke jikin gidanmu a Kaura Namoda. Wani ɓacin rai da na zaci ya tsufa ya taso mini ɗanye. Kada ka yi dariya sai ka ji ƙarshen zancen.

Ina da shekara sha ɗaya lokacin da aka fara aiki da Shari'a, jihar tamu ma ba ta daɗe da samuwa ba. Wata Kirista ce ta kama hayar shagon, tana buga wa ɗalibai takardu da kwamfuta. Anti muke ce mata. Ni ke yi mata shara da ɗibar ruwa, ita kuma in an kawo wuta da rana, babu aiki, sai ta bar ni in zauna a kujerarta in yi wani wasa da ƙanenta ya saka mata.

A wasan kana da jarumi guda. Za ka sauka da shi wani kurkuku na ƙarƙashin ƙasa, hawa bayan hawa, yana faɗa da dodanni yana tsintar kaya. In jakarsa ta cika ka hauro gari, ka yi musaya da 'yan kasuwa, ka biya wurin maƙeri. Kowane makami yana cinyewa da aiki. In ka yi sakaci ba ka kai gyara ba, sai ya karye a tsakiyar faɗa, ya tafi ke nan. Ni jikar maƙeri ce, wannan ban buƙaci a koya mini ba.

Bazarar nan kaf, zufa na bin bayana, ina sauka ina haurowa. A hawa na bakwai na samu wani takobi mai shuɗin haske. Tun da nake a duniya ban taɓa mallakar abin da ba kwance ba sai shi. Zanena na yayata ne, takalmina ma haka. Takobin kuwa ni na nemo shi. Ko rabi bai cinye ba nake kai shi gyara.

Sai ɗan kawuna ya zo hutu daga Shinkafi. Taubashina ne, ya girme ni da shekara huɗu. Wata rana ina cikin wasa Inna ta ƙwala mini kira in zo in kama mata tankaɗe. Na miƙa masa kujerar na ce, "Ga maƙerin can, ka kai masa takobin ya gyara. Kada ka taɓa komai."

Da na dawo, babu takobi. Ya ba ɗan kasuwa shi, ya karɓo wani ƙaton gatari mai baki biyu, wai ya fi kyan gani. Gatarin da ko ɗaga shi jarumina ba ya iyawa! Ya kuma ajiye wasan a haka, babu halin komawa baya. Na duba kayan ɗan kasuwar, sun sauya. Taubashin nawa kuwa yana ta ɓaɓɓaka dariya.

Na fito ƙofar shago na ɗaga murya iya ƙarfina: "Ɓarawo!"

A watannin nan wannan kalma ta yi nauyi. Ko'ina zancen hukuncin sata ake yi, a majalisa da rediyo. Masu zama gindin dalbejiya duk suka waiwayo. Baba ya fito ba takalmi, ya fizge ni zuwa cikin gida. Bai tambayi abin da ya faru ba sai da ya gama faɗa, da ya ji kuma sai ya ƙara hasala.

"A kan takobin hoto za ki ja wa ɗan mutane suna? Taubashinki ne, wasa ya yi miki. Durƙusa ki ba shi haƙuri."

Na durƙusa a tsakar gida, ƙasa na ƙona mini gwiwa. Ni aka cuta, ni na ba da haƙuri, shi yana tsaye yana danne murmushi. Na yarda kalmar da na faɗa ta yi yawa. Amma a ce duk gidan babu wanda ya ce masa ko kanzil?

Washegari na kai wa kakana fura a maƙerarsa da ke bayan gida. Mutumin Zurmi ne, ba ya son dogon zance. Damina ta kusa, manoma sun tara masa garemani da fartanyu. Ya dubi idanuna da suka kumbura ya ce, "Amarya, mi aka yi maki?" Na faɗa masa duka, ina jiran shi ma ya yi dariya. Sai ya ajiye masaba, ya kakkaɓe gawayin rigarsa, ya ce in wuce mu je.

Ranar ya fara taka shagon. Anti ta ba shi benci ta kunna masa. Ya ga maƙerin wasan ya buga sau ɗaya sulke ya koma sabo, ya yi tsaki ya ce wannan maƙaryaci ne. Sannan ya juyo gare ni.

"Kwana nawa kika yi kina bidar takobin?"

"Tun farkon zafi."

"Ke kika ba shi da hannunki, kika ce ya kai gyara?"

"Ni ce."

Ya tashi ya iske Baba a zaure. Ina laɓe na ji yana cewa, "Ba sata ya yi ba, amana ya ci. Da manomi zai kawo mini garma gyara in musanya ta da wuƙa, mi za ka kira ni?"

Baba ya ce, "Ai hoto ne, Baba."

"Kwanakin nata ma hoto ne?"

Kakana ya yanke cewa sai yaron ya durƙusa inda na durƙusa, sannan ya zauna ya nemo mini wani takobin. Daren nan na yi barci mai daɗi. Amma kafin a yi hakan labari ya kai Shinkafi, kawu ya zo ya ɗauki ɗansa yana cika yana batsewa, Inna kuma ba ta son ɓatawa da wanta. Aka ce a bar maganar saboda zumunci. Ni ba a tambaye ni ba. Bayan girbi Anti ta koma garinsu, aka ɗaure kwamfutar a bayan mota, jarumina na ciki da gatarin da ba ya iya ɗagawa.

Yanzu yarana a waya suke irin wannan wasa. In ƙaramar ta zo da kuka an taɓa mata kaya, nakan sauke tukunya in zauna in ji ta bakin kowa. Maƙwabta na cewa ina ɓata lokaci a kan shirme. Su ta shafa.

Taubashin nawa ya yi furfura, har sulhu ake kiransa ya yi wa mutane. A bikin 'yarsa ya ba da labarin nan, kowa na dariya, ya hango ni ban ko murmusa ba.

"Haba, har yanzu?" in ji shi.

Na nuna masa ƙasa na ce, "Ga tsakar gida nan. Ina jira."