Ramuka uku a gonar rakena

Da hantsi na isa gonar rakena a Gazara, sai na tarar da baƙi biyu suna murza wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki cikin ƙasa. Har sun huda ramuka uku. Duk ƙasar da ƙarfen ya ɗebo, sai su zuba a leda su yi rubutu a jiki.

Bayan mun gaisa na ce, "Malam, lafiya dai?"

Babbansu ya ce, "Lafiya lau, Baba. Gwaji ne kawai, muna duba ko ƙasar za ta riƙe harsashin gini."

"Ginin wa? Kun biya ta wurin mai unguwa?"

Ya kalli abokinsa, ya ce ai ba sai an dame shi ba.

Nan hankalina ya ƙi kwanciya. A garin nan ko dillalin rake ba ya taka gonar mutum sai da ɗan rakiya.

Ban tafi ba sai da suka juye min ƙasata cikin ramukan.

Jama'a, ku faɗa min gaskiya: wa ke gwada ƙarfin gonar wani, in ba ya riga ya sa ta a ransa ba?